Tamar Dogon Murhu

Ƙarfe huɗu da kwata na yamma, ranar Laraba, na shiga zauren gidanmu na Madawa ɗauke da guntun ƙarfen gindin kamiyo, wato babbar motar kaya, a kafaɗa. Mutum uku na tarar. Kakanku Baba yana zaune a kan buzunsa, Inna tana tsaye a ƙofar cikin gida da ƙwarya a hannu, uwarku Rabi kuma tana bayanta, lokacin tana da cikin yayanku Salisu. Na san lokacin daidai domin a wannan zamani ni planto ne a biro, wato ma'aikatar gwamnati, mai kai takardu daga wannan ofis zuwa wancan, kuma planto ba ya rabuwa da agogo. Kun taso kuna jin ana cewa an kore ni daga aikin gwamnati, wasu su ce sakaci ne, wasu su ce an yi mini asiri. Kun kuma sha cewa a tsakaninku, kuna zaton ba na ji, da na zauna a biro da yanzu muna da gidan siminti da fansho. Zan faɗa muku abin da ya faru bi da bi, kada kowa ya tsallake layi.

A shekarar babbar yunwa, lokacin da rumbunmu ya zama wayam, Baba ya ɗauki uwar maƙerarsa, wato ƙarfen da ake ɗora aiki a kai a buga, ya ba wani falke ya karɓi hatsi. Bai shawarci kowa ba. Wannan hatsi ne ya fitar da mu zuwa damina, don haka ba wanda ya isa ya ga laifinsa. Amma uwar maƙerar nan ta ubansa ce, ta tama ce, ƙarfen da aka narkar daga dutsen ƙasarmu. Da ruwa ya dawo, manoma suka riƙa zuwa da hauyoyinsu gyara, yana mayar da su. Ya daina fita. Mutumin da kafin rana ta fito unguwa take jin masaɓarsa, sai ga shi yana wuni da hannuwa a kan gwiwa, yana kallon bango. Tuwo ma sai Inna ta yi da gaske yake kai loma biyu. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Abin da ya sa na roƙo wannan ƙarfe a garaji ke nan.

Na ajiye shi a gabansa na ce, "Baba, ga abin da na samo maka. An ce duk maƙeran Ƙonni kan irinshi su ka aiki yanzu."

Ya ƙwanƙwasa shi da zobensa sau ɗaya, ya saurara, ya janye hannu.

"Ɗauke abinka, Isuhu. Ubana bai bar mini gindin mota ba."

Inna ta ce, "To Malam, haka za ka zauna har mu ɗauke ka? Kai jama'a, tsoho da taurin kai!"

"Ke dai tahi ki dama huranki."

Na ce, "Ina a ka samun tama yanzu, Baba?"

Ya ce, "Dogon Murhu, can bayan Buza. In akwai sauran mai rai."

Washegari na nemi kwanje, wato hutun aiki, wurin shef ɗina, shugaban ofishinmu, ya ba ni mako biyu. Na zaci sun ishe ni in je, in saya, in dawo, har in huta.

Na bi kamiyon kasuwa zuwa Buza, daga can na shiga ayarin masu jakuna muka hau tudu da ƙafa. Bayan girbi ne, an yi shekara mai kyau, gonaki duk kara ne a tsaye da dabbobi a ciki. Da la'asar muka gangara wani kwari, sai na ga abin da ya sa na tsaya har jakin da ke bayana ya tunkuɗe ni. A tsakiyar gonakin gero akwai tsibi-tsibi baƙaƙe ƙirin, wasu sun fi rumbu tsawo, wasu sun kai soro, sun yi jeri daga gindin dutse har bakin gari, rana tana dukansu suna walƙiya kamar an zuba musu mai. Kunyoyin noma suna zuwa su kewaye su su wuce. Na tambayi mai jakin wane irin duwatsu ne waɗannan. Ya ce ba duwatsu ba ne, kashin maƙera ne, abin da wuta take tofarwa in ta cire ƙarfe daga dutse. Na taso a gidan ƙira, na san kashin maƙera, cikin tafin hannu ake ɗaukarsa a jefar bayan gida. Ban taɓa tunanin mutane za su iya tara shi har ya zama tsauni ba. Na tsaya ina ƙoƙarin kintata hannu nawa, wuta nawa, itace nawa suka yi wannan, kaina ya kasa ɗauka.

Garin kansa ƙarami ne, amma an gina shi don mutanen da suka ninka na cikinsa. Titinsa mai faɗi ne, raƙuma biyu da kaya za su gifta juna ba su taɓa ba. Akwai filin kasuwa da rumfunan dutse marasa rufi, akuyoyi ne ke kwance a ciki. Gindin kowace katanga da baƙin kashin maƙera aka ɗora shi, masallaci ma haka. Gidaje da yawa an toshe ƙofofinsu da ƙaya, a wasu an shuka kuɓewa a tsakar gida. Bakin rijiyar garin dutse ne, igiyoyi sun ci shi har yatsana yana nutsewa a cikin zanen. Ban ga saurayi ko ɗaya ba, duk sun tafi ci rani. Shiru ne ko'ina, sai ƙarar dakan mata daga nesa.

Aka kai ni gidan Baba Arzika, wanda shi ne babba a cikin sauran tsoffin masu tama. Dogo ne, siriri, idonsa na hagu tartsatsi ya daɗe da kashe shi. Matarsa Gwaggo Hasana ta kawo mini ruwa da fura, aka buɗe mini ɗakin da dā ake ajiye ƙarfe kafin fatake su zo. Ɗaki ne mai sanyi, ba taga, ƙasansa ja ne saboda tsatsar shekaru, har tabarmata ta rine. Ba wanda ya tambaye ni abin da ya kawo ni sai da na kwana na huta. Da hantsi na durƙusa gaban tsohon na faɗi sunan ubana da na kakana, na ba shi labari, na ce na zo sayen tama.

Ya yi dariya har da tari.

"Hasana, kin jiya? Ya zo sayen tama."

Daga madafa ta ce, "Ka ce ya duba ƙarƙashin gadona, ko na ɓoye wata."

Sannan ya natsu ya yi mini bayani. Na farko, ba sauran tama a garin ko ta yin allura, an daɗe rabon da a hura wuta, tun da ƙarfen mota ya cika kasuwa itacen ƙirya kuma ya yi wuya. Na biyu, ko da akwai, ba a sayar wa ɗan maƙeri tama. Fatake ake sayar wa. Ɗan maƙeri sai ya haƙa, ya ɗauka, ya taka yumɓu, ya sha hayaƙi, sannan in an fasa murhu a ba shi rabonsa. Haka kakana ya sami tasa.

Na ce, "To ashe na yi tahiyar banza."

Ya ce, "Taso."

Ya ja ni bayan gari, ya nuna mini gangaren dutse da sandarsa. Itatuwan ƙirya ne a tsaye, busassu, fari ya kashe su, ba ganye ko ɗaya.

"Tun bara ni ka kallonsu. Ba mu sare su ba, Allah ya kashe su. Gawayin wuta guda na nan tsaye. Mu biyar munka rage, kowa ya san aikinai, amma ba mai bayan ɗaukar kwando. Kai kana da baya?"

Na ce ina da baya, amma kwanjena mako biyu ne.

"Mi a kwanje?"

Na yi masa bayani. Ya ce shi bai san wannan ba, tama dai ba ta da shef.

Aikin yana da tsari, kuma tsarin ba ya canzawa. Da fari gawayi. Muka sare busassun ƙirya, muka jera su a rami, muka rufe da ƙasa, muka sa wuta, muka yi ta gadinta don kada ta sami iska ta cinye kanta. Mai kwaso mana itace da jakunansa wani Buzu ne manomi, Alhusaini, wanda kakanninsa suka sauko daga arewa suka zauna a garin. Kun san tsakanin maƙera da Buzaye akwai wasa, to shi bai bar ni na sha iska ba tun ranar da ya ga agogona.

"Mushe Planto, ƙarhe nawa? Jakina na son ya san ko lokacin tashi ya yi."

"Gaya mashi in ya gaji ya hau bayanka, ai kun saba."

"Ji bawana! Ubanka ƙera mini takobi ya kai, kai ko takarda ka ka ɗauka. An ci baya."

Tsoffin suna ta dariya, har da wanda ba shi da haƙori ko ɗaya. Bayan gawayi sai dutse. A gefen tsauni akwai ramuka barjat, tsoffin mahaƙa, wasu sun rufta, wasu zurfinsu sai ka jefa tsakuwa ka jira. Ni aka zura da igiya. A can ƙasa na ga sawun diga a jikin bango, sara bisa sara, a jere kamar ɗinki, na mutanen da ba wanda ya san sunansu yanzu. Na sa hannu na shafa. Akwai ƴan ramuka inda suke ajiye fitila, baƙin hayaƙin yana nan. Na yi ta cika kwando ana ja. A sama tsoffin suna zaune a da'ira suna fasa dutsen da guduma, kowane guntu sai an auna shi a tafin hannu, mai nauyi ja-ja a ajiye, mara nauyi a jefar ta bayan kafaɗa ba tare da an ko dube shi ba. Ba mai ba wani umarni. Wanda ya gama nasa ya san abin da ke biye.

Bayan dutse sai yumɓu. Muka kwaɓa shi da ciyawa, ni ne mai takawa, daga safe har ƙafafuna su daina jin kansu. Aka fara ɗora murhun a wani fili tsakanin tsibi biyu, a kan ramin da Baba Arzika ya ce nan ubansa yake hura tasa wutar. Kullum a ɗora kamu ɗaya ko biyu a bar shi ya sha iska. Ya riƙa tashi kamar rumbu siriri, faɗi a ƙasa, tsuke a sama, har ya fi ni tsawo in na miƙa hannu. Wani tsoho mai suna Nomau ba abin da yake yi sai mulmula bututun yumɓu a jikin sanda, yana jera su a rana. Mata ba sa zuwa filin. Gwaggo Hasana takan kawo tuwo ta ajiye a kan wani dutse a bakin gona, ta ƙwala kira.

"Ku zo ku ɗauka, tsoffin banza! Kun sami yaron mutane kuna kashe shi da aiki."

Da yamma in mun dawo gida ita ce take gasa mini tafin hannu da ruwan zafi ta shafa man shanu, tana faɗa. Ta ce lokacin da aka kawo ta garin amarya, ba ta iya barci don ƙarar guduma, kuma ba a shanya farin zane a waje. Ta ce fatake daga Gobir da Azbin sukan cika filin kasuwa har a rasa masauki, a gidan nan kaɗai takan dafa wa baƙi tukunya uku. Tana faɗa tana kallon ƙofa, kamar za su shigo.

Mako biyuna suka ƙare murhu bai kai rabi ba. Na aika da saƙo ta bakin wani ɗan kasuwa cewa a yi mini haƙuri. Na san abin da nake yi, ba mantuwa na yi ba. Aka ci gaba har murhu ya bushe, aka gasa cikinsa da kara, aka sa ranar wuta, Litinin. Ranar Jumma'a Alhusaini ya dawo daga Buza, ya same ni ina ɗaure tsani. Wannan karon bai ce mini Mushe Planto ba.

"Isuhu, na gamu da direban kamiyon Madawa. Saƙo biyu ya ba ni. Shef ɗinka ya ce ya yi haƙuri iyakar yinshi, in Litinin ba ka bisa bencinka, wani za a ɗauka."

"Na biyun hwa?"

"Maiɗakinka ta ce a gaya maka lahiyarta lau. Ta ce tsoho ya sa an share maƙera. Ya hiddo zugazugi shina shafa masu mai."

Na zauna a kan tsanin. Albashin planto ba yawa gare shi ba, amma yana zuwa ko an yi ruwa ko ba a yi ba, kuma mun ga abin da rashin ruwa yake yi. Ga Rabi da ciki. Mutum nawa ne a unguwarmu suka yi lakwal, wato makarantar boko, kamar ni suka rasa ko aikin shara? In na kama hanya da asuba zan kai Madawa a kan lokaci. Na je na sami Baba Arzika na gaya masa duka. Bai roƙe ni ba.

"Hanya ga ta nan, ɗana, ba mai riƙe ka. Amma wanda ya taka yumɓu ya tahi kahin wuta ba shi da rabo. Ba ni na aza dokar ba, ba ni ka tada ta. Kuma in ka tahi ba wuta, don ba mai hawa tsani da kwando cikinmu. Sai mu bar shi ruwa ya narke shi."

"In na tsaya, tabbas za a samu?"

"A'a. Na ga murhun da ya ci gawayin wata guda ya ba da kashi tsura. Na Allah na."

Na je masallaci na yi la'asar, na daɗe ban fito ba. Abin da na kasa kawarwa daga idona shi ne Baba can gida zaune yana shafa wa fatar zugazugi mai, da waɗannan hannuwa da suka yi shekara a kan gwiwa. Da na fito na kwance agogon na ba Gwaggo Hasana ta ajiye mini, domin zafin murhu zai lalata shi. Ta karɓa, ta ƙulle shi a bakin zanenta.

Ranar Litinin bayan sallar asuba liman ya zo filin ya yi addu'a, aka raba sadakar gumba. Baba Arzika ya gaya mini kakanninsu wasu abubuwa suke yi a wannan wuri waɗanda Musulunci ya hana, an bari tun zamanin ubansa. Aka jera bututun Nomau kewaye da gindin murhu, kowane bakinsa a ciki, aka liƙe tsakaninsu da yumɓu. Na hau tsani. Kwandon gawayi, kwandon dutse, kwandon gawayi, yadda tsohon yake kira daga ƙasa, har ya cika zuwa wuya. Na sauko ina waige-waige.

Na ce, "Baba, ina zugazugan? Wa ka zuga?"

Nomau ya kwashe da dariya. Baba Arzika ya ce, "Zamna ka gani."

Ya yi bisimilla ya tura garwashi ta bututu ɗaya. Da fari hayaƙi ne fari, mai kauri, yana fita ta sama a kasalance. Muka zauna. Rana ta ɗaga. Can sai na ji wani sauti, ƙasa-ƙasa, na zaci iska ce a cikin kara. Ba iska ba ce. Murhun ne yake jan numfashi. Kowane bututu yana zuƙar iska da kansa, ba hannu, ba fata, ba mutum. Na sa tafin hannuna kusa da bakin ɗaya, na ji ana jan shi. Na saki ɗan ganye, ya shige ciki kamar an kira shi. Sautin ya yi ta ƙaruwa har ya zama gurnani, ina jin shi a ƙirjina da cikin ƙasar da nake zaune a kai. Na taso ina zuga wa Baba wuta tun ina ƙarami har kafaɗuna su yi ciwo, duk abin da na sani shi ne wuta ba ta cin ƙarfe sai mutum ya wahala a kanta. Ga tulin yumɓu da na taka da ƙafata yana numfashi shi kaɗai kamar raƙumi. Na ji bakina yana ta salati ban san na fara ba.

Da azahar gurnanin ya canza, ya zama kamar na mai mura. Baba Arzika ya miƙe zumbur ya kewaya yana kasa kunne. Bututu uku na gefen gabas sun toshe, kashi ya narke ya cika bakinsu, in aka bar su gefen zai huce, duk abin da ke ciki ya daskare ya lalace. Ya kwanta rub da ciki da sandar ƙarfe yana tsokana, amma idonsa ɗaya ne, ba ya ganin cikin da kyau.

"Isuhu! Kwanta nan. Duba ciki, mi ka gani?"

Na kwanta na leƙa. Ban taɓa ganin haske irin wannan ba, fari fat, ba ja ba, kamar an ɗauko rana an kulle a tukunya, duwatsun da na haƙo suna zufa suna ɗiga a cikinsa.

"Baƙin abu ya tare rabi."

"Soke shi ƙasa-ƙasa. Kak ka taɓa sama, ka hwasa bututun. A hankali, ɗan biro, ba hatimi ka ka bugawa ba!"

Na soka, na murɗa, na ja. Gashin hannuna ya ƙone, ina jin ƙaurinsa. Na farko ya buɗe da wani irin tsaki, iska ta ruga ciki. Na biyu ma haka. Na ukun ya fashe a hannuna, Nomau ya toshe ramin da ɗanyen yumɓu. Muka tsaya muna saurare. Gurnanin ya dawo, amma tsohon bai ce an tsira ba. Ya ce sai gobe.

Da magariba hayaƙi ya ɗauke gaba ɗaya, sai harshen wuta shuɗi ya tsaya a bakin murhun, tsawon mutum, ba ya ko rawa. Na waiga, na ga duk garin ya fito. Sun hau kan baƙaƙen tsibin nan sun zauna daga nesa, mata da yara da tsoffi, har mutanen ƙauyukan kewaye da suka hango. Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa sau ɗaya, muryarta ta karye a tsakiya, ba wadda ta karɓa mata.

Da hantsin Talata murhun ya yi shiru da kansa. Baba Arzika ya fasa gindinsa da diga. Kashi ya kwararo ja wur kamar kunu, ya bi ƙasa yana baƙi. Muka zura sanduna mu duka, har da Alhusaini, muka yi ta ja, wani abu mai nauyi yana tirjewa a ciki. Da ya faɗo waje sai da ƙasa ta amsa. Curi ne kamar ƙatuwar kabewa, baƙi da ja, ƙuraje ko'ina, yana huci. Ba kyan gani. Ba wanda ya san ko ƙarfe ne ko kashi. Tsohon ya miƙa mini gatari.

"Kai ka da baya. Sara tsakiya."

Na sara, gatarin ya yi tsalle. Na sake, na sake. Da ya rabe, cikinsa ya bayyana fari tas yana ƙyalli kamar azurfa. Baba Arzika ya durƙusa a gabansa, ya kai fuskarsa kusa har na ji tsoron gemunsa, ya daɗe yana kallo da idonsa ɗaya. Nomau yana kuka a fili, ba ya ko ɓoyewa. Alhusaini ya ce, "To, bayina sun yi abin kirki yau," amma wannan karon bai yi dariya ba.

Aka raba. Tsoffin suka haɗa baki suka ba ni tsakiyar, inda ya fi tsabta. Wannan ita ce wuta ta ƙarshe da aka hura a Dogon Murhu. Baba Arzika bai ga damina biyu bayanta ba.

Da na koma Madawa na fara biyawa ta biro. Wani yaro ne zaune a kan bencina da hulata ta aiki a kansa. Shef ya fito ya gaishe ni da mutunci, ya ce ya jira har ranar Laraba. Ban yi masa gardama ba, yana da gaskiya. Na wuce gida na sauke buhu a gaban Baba. Ya kwance, ya ɗauki curin da hannu biyu, ya shinshina, ya ƙwanƙwasa da zobe. Sannan ya dubi hannuna da ya ƙone.

"Kai ka buɗe bututu?"

"Ni na."

"Arzika na da rai ke nan." Ya juya wajen ƙofa. "Ke! A kawo mini tuwo. Rabi, ɗiyata, hura gawayi."

Inna ta ce, "Yanzu? Yaron ko ruwa bai sha ba."

"Shi sha bisa aiki."

A kan wani faffaɗan dutse muka ƙera sabuwar uwar maƙera. Ƙarfin Baba bai kai na ɗaga babbar masaɓa ba, don haka shi ya riƙe awartaki yana juyawa, ni ina bugu inda ya nuna. Muka yi ta ninkewa muna bugu har kashin da ya rage ya fita, ta haɗe ta zama guda. Ranar da muka kafa ta a ƙasa ya ɗora hauyar farko, maƙwabta suka riƙa leƙowa ta katanga. Salisu a cikin wannan ƙara aka haife shi. Baba ya ƙara shekara tara yana aiki, ya mutu da baƙin gawayi a farcensa. Ni kuma ban sake neman aikin biro ba. Mun sha wuya, ban ɓoye muku ba. Lokacin da fari ya dawo bayan shekara goma, uwarku ta sayar da awakinta duka, wasunku sun bar lakwal da wuri. Na san abin da na jawo muku, kuma da za a mayar da ni kan tsanin nan ranar Jumma'ar, abin da na yi shi zan sake.

Yanzu ga abin da nake roƙonku. Ba ɗayanku da ya zama maƙeri, ban kuma tilasta wa kowa ba. In na mutu masu sayen tsohon ƙarfe za su zo da sikelinsu, kada ku ba su uwar maƙerar nan. Kada kuma ku kulle ta a ɗaki ku ce kuna tunawa da ni, tsatsa ce za ta ci. Ku nemi maƙerin da yake aiki da gaske, ko ɗan wane ne, ko daga wane gari, ku kai masa ita kyauta. Ku tsaya a wurin har ya kafa ta ya ɗora ƙarfe ya buga, ku ji da kunnenku, sannan ku dawo gida.